Bindigar Gwaggo Turai

Da hantsin wata Talata, a kakar shekarar 1955, aka tarar da bijimin Arɗo Idi a mace a bakin rafin Dogon Marke, wani ƙauye da ke gindin duwatsun Doguwa. Harbi biyu aka yi masa, ɗaya a cinya, ɗaya a wuya. Ko yanka bai samu ba. Kafin rana ta take, mutanen gari da na ruga sun tattake wurin kaf, kowa na faɗin abin da ya zo bakinsa.

Abin ya zo a mummunan lokaci. Wata biyu ke nan da En'e, hukumar gargajiya, ta sa aka yi shela a kasuwanni, cewa duk mai bindiga, ta gado ce ko ta saye, ya fito da ita a buga mata lamba a ba shi lasin, ba za a tambaye shi inda ya samo ta ba. Wanda aka kama da marar lamba bayan wa'adin afuwa ya cika kuwa, sai gidan yari, bindigar kuma a karya ta. Malamin lasin ya gama da Bebeji da Kiru da Tudun Wada. Ranar Alhamis zai zauna a ƙofar dagacin Dogon Marke, ita ce kuma rana ta ƙarshe.

Ba a wahala wajen neman wanda za a tuhuma ba. Da azahar wani maharbi mai suna Rufa'i, mutum mai fara'a wanda ba a taɓa jin kansa da kowa ba, ya shigo zauren dagaci rungume da bindiga, idanunsa sun yi ja.

"Ranka ya daɗe, tun da safe na same ta, na rasa yadda zan yi in kawo. A cikin tarin karan gero take, a gonar Ubale, ɗan yayata. Da na ɗauko ta bakinta da ɗumi, tana warin albarushi."

Babu wanda bai san bindigar ba. Ta marigayi Sarkin Baka ce, shugaban maharban garin, doguwa mai zobban tagulla uku. Da ya rasu 'yarsa Turai ta gaje ta, ita ce uwar Ubale. Rufa'i kuwa ɗan ƙanen marigayin ne. Ga shi kuma mako guda da ya wuce shanun Arɗo sun cinye wa Ubale wake, har ya faɗa a tsakiyar kasuwa cewa duk saniyar da ta sake shiga gonarsa ba za ta fita da ƙafarta ba.

Ɗan doka ya ɗaure Ubale a zauren dagaci. Matan ruga suka janye nono daga kasuwa. Dagaci ya ga abin yana neman ya fi ƙarfinsa, ya tura mai keke Tudun Wada a kira Mainasara.

*

Mainasara mutumin Badafi ne ta ƙasar Kiru, sana'arsa bin sawu. Siriri ne, ya haura hamsin, in yana tafiya kansa a sunkuye kamar wanda ya yar da allura. Ya iso ranar Laraba da safe a bayan motar da ke kai kaya ma'adinan kuza. Bai ko sha ruwa ba ya ce a kai shi wurin wanda aka ɗaure.

Ubale ya kai shekara talatin, ƙaƙƙarfa, ga alamar saurin fushi a fuskarsa.

"Ka faɗi maganar nan a kasuwa?" in ji Mainasara.

"Na faɗa, Baba. Raina ne ya ɓaci."

"Jiya da fitowar rana kana ina?"

"Ina kan dutse, duba tarko. Ni kaɗai."

"Ka iya ɗura bindiga?"

"Kakana ya koya mini ina yaro. Amma tun da ya rasu ban taɓa ta ba. Da baka nake farauta, kowa ya sani."

Mainasara ya karɓi bindigar daga hannun ɗan doka, ya shinshina bakinta. Akwai baƙin hayaƙi, akwai warin albarushi. Ya mayar masa da ita.

A ruga, Arɗo Idi ya karɓe shi ba yabo ba fallasa. Dattijo ne fari, maganarsa a hankali.

"Bijimin nan ni na karɓi haihuwarsa. Shi ne uban rabin garken nan."

"Allah ya mayar da alheri. Kun ji ƙarar?"

"Mun ji. Sau biyu."

"A jere, ko da tazara?"

Arɗo ya yi tunani. "Da tazara. Aka yi ta farko, matata ta gama tatsar saniya ɗaya ta kama wata, sannan ta biyu ta tashi."

"Ban da Ubale, akwai wanda kuka samu saɓani da shi?"

"Akwai Gwadabe maƙeri. Na mayar masa da takobin da ya ƙera mini, ya yi ta zage-zage. Kuma jiya da sassafe matanmu sun gan shi yana shiga daji da ƙunshi a kafaɗa, yana waige-waige."

*

Gwadabe na zaune a maƙera, wutarsa a mace. Da ya ga baƙon ya tashi zumbur, ya kawo buzu.

"Jiya da safe ban fita ko'ina ba," ya ce, tun ba a tambaye shi ba.

Mainasara ya dubi takalman da ke bakin ƙofa. "Jar ƙasar suri ce a jikinsu. A cikin garin nan ban ga suri ba. Tashi ka raka ni, ko in bi sawunka in je ni kaɗai, duk ɗaya ne a wurina."

Suka fita ta bayan gari, maƙerin yana gaba yana sharce gumi. Ba wajen rafi suka nufa ba, gabas suka yi. A gindin wani tsohon suri Gwadabe ya durƙusa, ya zura hannu ya jawo ƙunshin tabarma. Bindigogi biyu ne a ciki, sababbi, ko kunama ba a sa musu ba.

"Ka rufa mini asiri," in ji shi. "An ce mini masu gado kaɗai aka yi wa afuwa, mai ƙerawa kuwa ɗauri ne. Ina da 'ya'ya bakwai."

"Wa ya gaya maka haka?"

"Haka ake faɗa a gari."

"A Kiru a gabana maƙeri ya kawo guda huɗu, aka buga musu lamba, ya koma gida ya ci tuwonsa. Gobe ka kawo su da hannunka." Mainasara ya fito da wani guntun ƙarfe daga aljihu, wanda aka ciro daga wuyan bijimin. "Wannan fa?"

Gwadabe ya juya shi a tafin hannu. "Aikina ne. Ƙafar tsohuwar tukunyar ƙarfe nake yankawa. Amma duk maharbin da ke garin nan a wurina yake saye, ban isa in ce na wane ne ba."

*

Gwaggo Turai ba ta yi kuka a gaban Mainasara ba. Ta sa aka shimfiɗa masa tabarma a ƙofar ɗakin mahaifinta, ta zauna daga gefe ta ja mayafi. Bayan sun gaisa ta nuna masa turaku biyu a jikin bango.

"A nan take rataye, shekara bakwai. Duk Juma'a nakan goge ta da man shanu, amma ta waje kawai. Ban san cikinta ba."

"Me ya hana ku kai ta Tudun Wada tun da wuri, Gwaggo?"

"Tsoro. Na ji ana cewa dabara ce ta raba mutane da kayan iyayensu. Da bindigar nan Baba ya kashe damisar da ta hana mata zuwa rafi. Na ce in za a karɓe ta, gara ta ƙara kwana a ɗakinta. Ƙanena Rufa'i ma ya ce in dakata, shi zai fara kai tasa ya ga yadda abin yake. Ya kai, ya dawo lafiya, ya ce mu jira malamin ya zo har gida."

"Da sunan wa za a rubuta ta?"

"Da na yaron nan. Dattawa sun ce wanda gwamnati ta ba takardar bindigar Sarkin Baka, shi za a naɗa a gurbinsa. Tun rasuwar Baba ba a naɗa kowa ba, birai da aladun daji sun gama da gonakin gefen dutse."

"Yaushe kika rabu da ganinta?"

"Litinin da yamma, kafin in tafi gidan suna."

Suna cikin magana sai Rufa'i ya yi sallama. Ya durƙusa ya gaishe su, ya ajiye wa Turai ƙullin goro.

"Yaya, na yi magana da dagaci. In aka bar ta a haka, gobe za a karya ta a gaban jama'a. Ki yarda a rubuta ta da sunana, in roƙi alfarma, ko ba komai ba ta bar gida ba. Shi kuma yaron sai mu bi Arɗo da ban haƙuri."

Turai ta dubi baƙon. Mainasara kuwa ba ya ma kallonsu. Wani zanzaro ne ya shigo ɗakin ɗauke da 'yar laka a baki. Ya nufi bango daidai tsakanin turakun nan, ya yi ta shawagi a wuri ɗaya, ya fita, ya sake dawowa wurin. Har sau uku.

"Malam Rufa'i," in ji Mainasara, "kai ma ka ji harbin?"

"Na ji daga gida. Tawa bindigar tun da na dawo da ita daga Tudun Wada ba ta fita ɗaki ba."

"Madalla. Gwaggo, kada ki ba kowa amsa sai gobe."

*

Daga nan rafi ya koma, shi kaɗai. Inda bijimin ya faɗi ba abin da ya rage, sawun mutum ɗari ne a kan na shanu ɗari. Bai ɓata lokaci a wurin ba. Abin da ke ransa shi ne maganar Arɗo: harbi biyu da tazara. Bindigar gargajiya baki ɗaya gare ta. Wanda ya harba sau biyu dole ya tsaya ya sake ɗuri, mai ɗuri kuwa dole ya kafa gindin bindiga a ƙasa, ya danna albarushi da sanda da ƙarfinsa.

Ya bi ɗigon jini da baya-baya, daga inda dabbar ta faɗi zuwa inda aka fara harbinta. Jinin ya ratsa cikin ciyawa, ya gangara wani lungu ƙarƙashin gaɓar rafi inda masu kallo ba su sauka ba. A nan laka ce mai danƙo, inuwa ta hana ta bushewa. Mutumin ya yi wayo, a kan duwatsu ya taka, bai bar sawu ba. Amma a gefen wani faffaɗan dutse akwai wani ɗan rami mai siffar tafin hannu.

Mainasara ya kwanta rub da ciki ya dube shi. Ya daɗe a haka. Sannan ya zare wuƙarsa, ya yanko lakar gaba ɗaya kamar mai yankan tuwo, ya sa a ƙwarya ya rufe da ganye.

*

Ranar Alhamis Malam Salisu, malamin lasin, ya kafa teburinsa a gindin marken ƙofar dagaci. Ga babban littafi, ga kaskon wuta da ƙarafan lamba a ciki, waɗanda ake ƙona lamba da su a gindin kowace bindiga. Gari ya taru, Fulani sun tsaya gefe guda da sandunansu. Amma masu bindiga ba su fi biyar ba, saura sun zo kallo ne, su ga abin da za a yi wa ta Sarkin Baka tukuna.

Aka fito da Ubale. Dagaci ya dubi Mainasara. "To, mun saurare ka."

"Ranka ya daɗe, mutum biyu ne bakin mutane ya taɓa. Gwadabe ya fita daji da ƙunshi, gaskiya ne. Ga abin da ke cikin ƙunshin nan ya kawo da kansa, ko kunama babu. Ubale ya yi mugun furuci, shi ma gaskiya ne. Saura mu tambayi bindigar." Ya juya. "Malam Rufa'i, ka ce da ɗumi ka same ta?"

"Haka na ce. Da ma ban gani ba."

"Gwadabe, karɓi sandar ɗuri ka zura mata, a hankali."

Maƙerin ya zura. Sandar ba ta shiga ta kai tsawon hannu ba ta tsaya cak. Ya ɗan ƙwanƙwasa, ya kifa bakin bindigar a kan farin faifai. Sai ga busasshiyar laka tana zubowa, ɗaki-ɗaki, da matattun gizo-gizo, da wasu fararen tsutsotsi biyu suna motsi.

"Gidan zanzaro ne," in ji Mainasara. "Jiya na ga uwarsu tana neman ƙofarta a bangon Gwaggo. Bindigar da aka harba shekaranjiya, ba za a sami ɗan tsutsa da rai a cikinta ba. An dai ƙona albarushi a bakinta don ta yi wari."

Wurin ya kaure da salati. Rufa'i ya yi murmushin yaƙe. "Alhamdu lillahi! Ashe kuskure na yi. Rana ce ta gasa ta, na zaci..."

"Da sassafe, a cikin kara? Bari dai." Mainasara ya buɗe ƙwaryar ya ajiye a kan tebur. "Malam Salisu, ni ban yi boko ba. Wannan shaidar gindin bindigar da aka ɗura ce a bakin rafi. Na ga wani zane a ciki irin na ƙarafanka. Duba mana."

Malam Salisu ya gyara tabarau ya sunkuya. Ya karkata kai dama, ya karkata hagu. "A juye take." Ya ɗauko ɗan madubin askinsa daga jaka ya kara. "Biyu, bakwai, huɗu. Ɗari biyu da saba'in da huɗu. Ni na buga ta." Ya buɗe littafi, ya bi layi da yatsa, ya tsaya. Ya ɗago kai. "Tudun Wada, ranar Asabar da ta wuce. Rufa'i, Dogon Marke."

"Ai ina farauta a rafin nan kullum!" Rufa'i ya ɗaga murya. "Tsohuwar shaida ce!"

"Jiya a gaban yayarka ka ce bindigar ba ta fita ɗaki ba tun da aka buga mata lamba," in ji Mainasara. "Kuma matso ka gani. Jinin bijimin yana ƙarƙashin lambar, ba a kanta ba. Sai da ya zuba sannan ka kafa gindinta a kai."

Rufa'i ya dubi ƙwaryar, ya dubi jama'a. Ya zauna daɓas a ƙasa.

"Shekara ashirin ina ɗaukar wa Baffa jaka a daji," ya ce. "Ni na san inda kowace dabba ke shan ruwa. A ce ɗan mace, mai ɗana tarkon zomo, shi zai hau buzun Baffa ina raye?"

Turai ta matso daga cikin mata, ta tsaya a kansa. "Da ka zo ka gaya mini haka, Rufa'i, wallahi da mun zauna mun yi magana. Kullum a gidana kake cin tuwo. Ka zaɓi a kai yaron nan gidan yari."

Bai ɗago ba. Ɗan doka ya kwance igiyar daga hannun Ubale ya mayar a na Rufa'i, aka wuce da shi sai gaban alƙali a Tudun Wada.

Arɗo Idi ya ratso taron har gaban Ubale, ya miƙa masa hannu. "Na zarge ka a raina, ka yafe mini. Waken da shanuna suka ci kuma, laifinmu ne."

"Ni ma bakina ya jawo mini, Baffa. A yafi juna."

Daga nan abin ya zama kamar an buɗe ƙofa. Gwadabe ya ajiye nasa biyu a kan tebur, aka karɓa, ba wanda ya ko harare shi. Da mutane suka ga haka sai suka fara sulalewa ɗaya bayan ɗaya, suna dawowa da dogayen ƙunshi. Wata daga cikin rumbu, wata daga jinkar ɗaki, wata an tono ta daga ƙarƙashin turken akuya duk tsatsa. Malam Salisu da ya yi shirin tashi da azahar sai da ya sa aka ƙara gawayi sau biyu. Bindiga ashirin da uku aka buga wa lamba a ranar.

Ta Sarkin Baka aka bari ta ƙarshe, sai da Gwadabe ya wanke cikinta tas. Turai ce ta ɗauko ta da hannunta ta ɗora a kan tebur. Ƙarfe ya taɓa katako, hayaƙi ya tashi. Malamin ya tsoma alƙalami a tawada.

"Gwaggo, sunan wa zan rubuta?"

Turai ta buɗe baki ta rufe. Ubale ɗanta na fari ne, kuma sunan mahaifinta gare shi, shekara talatin ba ta taɓa kiransa ba. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta waiwayi jama'a.

"Ku gaya masa mana."

"Ubale!" in ji Arɗo Idi, kafin kowa.

"Ubale! Ubale Sarkin Baka!" Gari duka ya ɗauka, maza da mata, har da waɗanda shekaranjiya suka rantse shi ne. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa.

Malam Salisu ya rubuta, ya busa takardar ta bushe, ya miƙa. Ubale ya karɓa da hannu biyu, ya je ya durƙusa ya ajiye ta a gaban uwarsa. Sannan ya roƙi izinin dagaci, ya ɗura bindigar kakansa a gaban kowa, ya ɗaga bakinta sama wajen dutse, ya ja kunama. Ƙarar ta bugi duwatsun Doguwa ta dawo, garken birai ya watse daga gefen gonaki yana ihu.

Mainasara yana zaune a gindin marke, sai a lokacin ya karɓi ƙwaryar furar da aka ajiye masa tun safe. Matar Arɗo ce ta zuba mata nono da hannunta.